Tsohon gini a ƙaramin ƙauye: yaya ake gane shekarunsa, kuma a shafa masa siminti ko a bari?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana tarihi da masana gini. Ƙaramin ƙauye ne, yana da tsofaffin gine-ginen ƙasa guda uku: masallaci, zauren gidan mai gari, da guntun ganuwa da ya saura a bayan gari. Wasu dattawa sun ce masallacin ya haura shekara 300, wasu sun ce bai kai ba, kuma babu takardar da za ta raba gardama. Gindin bangonsa ya zaizaye ta waje, akwai tsaga a kusurwa ɗaya daga sama har kusan ƙasa, rufin kuma yana yoyo. Matasa sun haɗa kuɗi, suna so a yi masa filastar siminti a ɗora kwano kafin damina.

Tambayata biyu ce. Ta wace hanya ake gane shekarun irin wannan gini ba tare da an yi ƙari ko ragi ba? Sannan simintin nan gyara ne ko ɓarna? Ina son bayani filla-filla, wanda za a iya karanta wa kwamiti su yi aiki da shi.

Malamar Tarihi ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki ta farko, ta biyu ta magina ce. Sai dai tun yanzu ina roƙon a dakata da simintin har a gama karanta bangon, domin filasta tana binne shaidar da za a zo nema gobe.

A fara da raba abu biyu: shekarun wurin daban, shekarun ginin da ke tsaye a kansa daban. Ginin ƙasa yakan faɗi a sake tayar da shi a fili ɗaya da suna ɗaya, mutane kuma su ci gaba da lissafi daga ginin farko. A Jenne ta ƙasar Mali an yi masallaci a wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce, amma wanda ake gani a hotuna yau na 1907 ne. Saboda haka dattijon da ya ce 300 da wanda ya ce bai kai ba, ta yiwu kowa gaskiya ya faɗa, ɗaya yana maganar fili, ɗaya yana maganar bango.

Kamanni ma ba hujja ba ne. Masallacin Juma'a na Yaama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, duk wanda ya gan shi zai rantse ya daɗe a duniya. A 1962 magini Falke Barmu ya fara shi, ba a gama hasumiyoyinsa huɗu ba sai 1982, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Maginin da ya gaji sana'a yana gini irin na kakansa, ruwan damina kuma yana tsufar da bango cikin 'yan shekaru.

To, ga yadda ake yi da dattawa. Kada a tara su a zaure ɗaya, domin da zarar babba ya yi magana sauran za su ce haka ne. A bi su gida-gida, kuma a zaɓi gidajen da ba su da buƙata ɗaya a cikin labarin: gidan sarauta, gidan limanci, zuriyar magina ko maƙera, tsofaffin mata (su suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa), da dattawan ƙauyen da ke maƙwabtaka. Kada a tambayi “shekara nawa?”, amsar da za a samu ƙiyasi ce. A tambayi a zamanin wane mai gari aka gina, wa ya yi limanci na farko, wane magini ya yi aikin, daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasa, an taɓa sauke rufin, a zamanin wa.

Daga nan a jera sunayen masu gari, amma ba a tsaye kawai ba, a zana su a matsayin zuriya. Nan mutane suke kuskure. Sai a ce an yi masu gari goma, a ninka da 30, a ce shekara 300. Alhali idan aka duba, uku 'yan'uwan juna ne da suka gaji juna, biyu kuma kawu ne da ɗan ɗan'uwansa, sai goman su tattaru a tsatso biyar. Tsatso ake ninkawa, daga uba zuwa ɗa, kimanin shekara 30 kowanne, sai lissafin ya dawo wajen 150. Akwai kuma kuskuren da ke ja ta ɗaya ɓangaren: ana tuna wanda ya kafa gari, ana tuna na baya-bayan nan, na tsakiya kuwa sunayensu kan zube, musamman wanda bai daɗe ba ko wanda aka tuɓe. Idan aka ji an ce wani ya yi shekara 40 cif, wani ma 40, a sa alamar tambaya.

Abin da ke ɗaure wannan jeri shi ne aukuwar da duniya ta san ranarta. Annobar mura ta 1918, tauraro mai wutsiya na 1910 da wanda ya gabace shi a 1835, yaƙin duniya na 1939 zuwa 1945, husufin rana na 30 ga Yuni 1973 da ya ratsa Muritaniya, Mali, Nijar, Cadi har Kenya. Idan gidaje uku suka haɗu a kan cewa mai gari na bakwai ya rasu a shekarar mura, an sami turke, sai a riƙa ƙirga baya daga nan.

A duba rubutu a jikin ƙofa, ginshiƙi da itacen rufi, a kuma duba ƙarshen littattafan da aka rubuta da hannu, inda marubuci kan sa ranar da ya gama. Shekarar Hijira ana mayar da ita ta Miladiyya da ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Hijira 1300 ta zama 1883, Hijira 1250 ta faɗa tsakanin 1834 da 1835. Idan babu kwanan wata, a ɗaga takardar a hasken rana, sau da yawa za a ga tambarin masana'anta a cikin jikinta, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka yawaita a ƙarni na 19. Amma littafi yana tafiya a jaka, samunsa a masallaci bai nuna tare aka yi su ba.

Bangon kansa yana da bayani. Inda bango biyu suka haɗu, idan tubalansu sun shiga juna, tare aka gina su. Idan ɗaya ya zo ya jingina ne kawai, ana ganin layin haɗin a miƙe, to mai jinginar shi ne ƙane. Ƙofar da aka toshe, daɓe a kan daɓe, launin ƙasar da ya canza daga wani tsayi, duk alamun ƙari ne ko sake gini. Abin da aka tsinta a tsakiyar bango, ba a cikin yaɓen sama ba, yana yanke iyaka: a 1824 aka yi wa simintin zamani rajista a Ingila, kwanon rufi a 1829, ƙusar waya mai zagaye ba ta yaɗu ba sai ƙarshen ƙarni na 19, kuma dukkansu sun jima kafin su isa ƙauyuka. Kwabo mai shekara a cikin tubali yana nufin bangon bai girmi kwabon ba.

A ƙarshe kada a rubuta shekara ɗaya. A rubuta “tsakanin kaza da kaza”, a faɗi hujjar kowane gefe, da sunan wanda ya ba da labari idan ya yarda. A ɗauki muryar kowa da izininsa, a faɗi rana da wuri a farkon ɗauka, a rubuta hirar a takarda cikin makon tun ana iya komawa a tambayi abin da bai fito ba.

Tsohon Magini ya rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Malama. Ɗana mai tambaya, simintin nan ɓarna ne, kuma ga dalili.

Bangon ƙasa yana shan danshi daga ƙasa yana fitar da shi ta jikinsa, dare da rana. Idan aka lulluɓe shi da siminti, danshin zai ci gaba da hawa amma ba shi da mafita, sai ya taru a bayan filastar. Sannan siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare a zafi da sanyi, ba sa kuma kama juna da gaske. Cikin damina biyu ko uku filastar za ta yi ƙananan tsaga, ruwan sama ya shiga ta nan, shi ma ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama taɓo, gara ta sami inda take so. Ƙwanƙwasa irin wannan filasta da bayan yatsa, za ka ji tana amsawa fayau, alamar ta rabu da bango. Ranar da za ta faɗo, da fuskar bangon take tafiya.

An gwada an gani. Masallacin Larabanga, ƙauye a arewacin Gana, an shafa masa siminti a shekarun 1970. Danshi ya maƙale, gara ta ci itatuwan, hadari ya yi masa ɓarna a 2000, sai da aka ɓamɓare simintin kakaf a aikin da aka fara a 2002 aka koma yaɓen ƙasa. Cocin ƙasa na Rancos de Tawos a Amurka an yi masa haka a 1967, a 1979 suka cire, suka koma yaɓe duk shekara.

Yanzu gyaran. Ruwa ake bi, ba a bin kyau. Rufi da indararo tukuna, sai magudanar ƙasa, sai gindin bango, sai tsaga, yaɓe shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da yaɓe ya yi asarar ƙasarsa.

A hau rufi a duba indararo. Yawancin yoyon kusurwa daga nan yake: ko ya toshe da ganye da kashin tsuntsu, ko bakinsa ya fi rufin tudu, ko ya yi gajere yana zubar da ruwa a jikin bango. Ya fito daga bango aƙalla santimita 60, ya ɗan sunkuya, a kuma cuɗa ƙasa mai kyau a toshe kewayensa, domin ta nan ruwa ke satar hanya. Inda ruwansa ke sauka a shimfiɗa duwatsu, kada ya fantsamo gindin bango. Rufin ya kasance da gangare zuwa indararo, wajen santimita 3 zuwa 5 a kowace mita, ba tare da kwarin da ruwa zai kwanta ba. A duba rawanin bango, tsaga ko ta gashi ce a can sama a cike ta.

Sai ƙasan waje. Shekara da shekaru titi da shara suna tashi, har ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu, ruwa ya riƙa kwanciya a gindin gini. A kwashe, a yi gangare daga bango zuwa waje, santimita 5 a kowace mita, har tsawon mita 2. Kada a haƙa lambatu manne da bango, a ja shi mita 1 da rabi ko fiye. Kada kuma a zuba dakalin siminti a gindin, shi ma danshi yake korawa cikin bango. Wurin alwala, randa, famfo, makewayi, turken dabbobi, duk a nisanta su. Fitsarin dabba yana kawo gishiri, gishirin nan shi ne farin garin da kake gani a gindin bango, idan ya bushe yana tsattsage ƙasar ta zama gari.

Zaizayar gindi a auna zurfinta. Idan ba ta wuce santimita 5 ba, yaɓe hawa-hawa ya isa. Idan ta fi haka, tubali za a sa. Idan ta kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, a tokare bangon da rufin da itatuwa kafin a taɓa komai, a kuma hana shiga. Ba a buɗe gindin gaba ɗaya. A raba shi gaɓa-gaɓa, kowace ba ta fi santimita 60 zuwa mita 1 ba, a yi ta farko, a tsallake biyu, a yi ta huɗu, sai sun bushe a dawo kan na tsakiya. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a taɓo mai ƙarfi, a zubar da ita nesa saboda gishirinta, a gyara ramin saman ya zama a kwance yadda sabon tubali zai ɗauki nauyi, a yayyafa ruwa kaɗan, a jera busassun tubala da kwaɓi siriri, a cusa na saman da ƙarfi. Ɗanyen tubali ko kwaɓi mai kauri zai tsuke ya bar giɓi, bangon ya zauna a kan iska. Bulo na siminti ba ya shiga nan.

Ƙasar da za a yi aiki da ita a gwada ta. A cika kwalba kashi ɗaya cikin uku da ƙasa, a ƙara ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka mai laushi cikin awa guda, yumɓu sai ya kwana. Tubali yana son yumɓu wajen kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Gwaji na biyu: a murza kwaɓi ya yi kaurin santimita 3, a tura shi a hankali ta bakin tebur. Idan ya karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa, ba zai kama ba. Idan ya wuce 15 bai karye ba, yumɓu ya yi yawa, zai tsattsage. In kududdufin da aka ɗebi ƙasar farko yana nan, can za a fara nema.

Kafin yaɓe a yi gwaji a jikin bangon, faci huɗu, kowanne santimita 40 a kan 40: ƙasa ɗaya yashi ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku, ɗaya da huɗu. A ba su kwana uku. Wanda ya tsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke zuba in an shafa hannu yashi ya yi masa yawa, na tsakaninsu shi ne naka. A sa ramno, wato busasshiyar ciyawar da ake cuɗawa da ƙasar gini, a yanka shi santimita 3 zuwa 5, a tattake, a rufe kwaɓin ya kwana biyar ko mako ya ruɓa. Kowane hawa kada ya wuce santimita 1 da rabi zuwa 2, a bar shi da kaushi don na biyu ya kama, kada a yi shi da tsakar rana a bangon da rana ke duka. In ana samun makuba, wato ruwan jiƙon ɓawon ɗorawa, a shafa a sama, tana rage cin ruwa. Wannan yaɓe an yi shi ne don ruwa ya ci shi maimakon bango, saboda haka ragowar kuɗin matasan a ajiye don sabunta shi, bangon da hadari ke bugu duk shekara, sauran duk bayan shekara biyu ko uku.

Ɗan Safiyo ya rubuta:

Baba Magini ya gama magana a kan siminti. Abin da zan ƙara shi ne awo, kuma kafin cebur ya taɓa bango za a yi shi. Yarjejeniyar Banis ta 1964, wadda masu gyaran gine-ginen tarihi suke bi, ta shar'anta a rubuta a kuma ɗauki hoton kowane mataki na aiki. Mutum uku da tef mai mita 30, igiya, tiyo fari mai ruwa da takarda mai layin murabba'i sun isa.

Tsohon ɗaki ba ya da kusurwa daidai, don haka auna bango huɗu kawai ba ya ba da siffarsa. A auna har da tsallake biyu, daga kusurwa zuwa kishiyarta. A kan bango ɗaya kada a riƙa ɗaga tef ana sake sawa, kuskure taruwa yake. A kafa bakinsa a kusurwa, a karanta bakin ƙofa, ƙarshenta, taga, ginshiƙi, duk daga wuri ɗaya. Da tiyon ruwa a zagaya ginin da layi ɗaya madaidaici, ciki da waje, wajen mita 1 daga daɓe, a riƙa auna sama da ƙasa daga gare shi. Nan take za a ga ko ƙasar waje ta fi ta ciki tudu, da ko wani gefe ya nutse. Kaurin bango a auna shi a gindi da kuma sama, domin yana sirancewa. A zana gini a kan 1:50, wato santimita 2 a takarda mita 1 ce, garin duka kuwa 1:1000 ya isa. Kowane hoto a sa sanda mai alamar mita a ciki, a ba shi lamba, a nuna a zanen inda aka tsaya.

Tsagar kusurwar nan kada a yi saurin cike ta, a fara sanin ko tana motsi. A kafa ƙusa biyu, ɗaya kowane gefe, a sama, tsakiya da ƙasa, a auna tazararsu da milimita, a rubuta duk wata. Tsagar da ke buɗewa da rani ta rufe da damina numfashin ƙasa ne. Wadda ke ƙaruwa ba ta komawa, ko wadda ta fi faɗi a sama, tana nufin bango yana kifewa waje, ko dai gindi ya ci ko rufi yana tura shi. A saki igiya mai dutse daga sama a auna karkatar. Idan tana ƙaruwa wata bayan wata, a tokare a nemo injiniya. Kafin a gama sa ido, a cusa ƙasa mai laushi a bakin tsagar ta sama don kada ruwa ya bi ta.

Ga Malama kuma, akwai shaida daga sama. Ingila ta kafa ofishin safiyon ƙasashen da take mulka a 1946, ya ɗauki hotunan jirgi masu ɗimbin yawa, suna ajiye yanzu a birnin Edinbara na Birtaniya. Faransa ma ta yi a nata yankunan. Hotunan tauraron leƙen asirin Amurka mai suna CORONA, na 1960 zuwa 1972, an sake su a 1995, ana samunsu ta intanet. A cikinsu ana iya ganin zagayen ganuwa tun ba a cinye ta da gonaki ba, da tsohuwar hanya, da unguwar da aka tashi.

Batun kwanon da matasa ke son ɗorawa kuwa, ban ƙi shi gaba ɗaya ba. Idan damina ta matso kuma ba za a gama rufin ba, rumfar kwano a kan ginshiƙanta na kanta, a wajen bango, tana iya ceton gini. Abin da ba a so shi ne a kafe ta a jikin bangon, ko a sauke rufin asali don ita.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malama, Baba, da Yallaɓai. Saura biyu. Wani ya ce a yanki itacen rufi a kai ɗakin gwaji, na'ura za ta faɗi shekarar. Gaskiya ne? Sannan Baba, yoyon rufin, ba za a ƙara masa ƙasa kawai ba? Ganuwar fa?

Malamar Tarihi ta rubuta:

Gwajin kabon yake nufi, kuma gaskiya ne akwai shi. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon da ke raguwa da rabi duk shekara 5,730 bayan mutuwarsa. Sai dai a wannan aikin yana da matsala biyu. Abin da ya mutu tsakanin wajen 1650 da 1950 gwajin ba ya iya tsayar da shi wuri ɗaya, sakamako guda kan dace da zamani biyu ko uku a cikin shekarun nan, kuma daidai nan gardamar dattawanku take. Na biyu, ranar mutuwar itace yake faɗi, ba ranar gini ba. Azara mai kyau ana cire ta daga rusasshen ɗaki a sa a sabo, ta girmi ginin da shekaru masu yawa. In dole sai an yi, ciyawar da ke cikin tubalin tsakiyar bango ta fi, domin a shekarar da aka yanke ta aka kwaɓa ta. Ƙirga zoben itace ma ba ya aiki a kan azara, giginya ba ta yin zobe.

Kada kuma a yi haƙa da sunan bincike. A kusan kowace ƙasa sai da izinin hukumar kayan tarihi, kuma ramin da aka haƙa ba bisa ƙa'ida ba ya lalata jerin ƙasar har abada. Tsofaffin takardu kada a liƙa musu salatif, kada a manne su cikin roba. A ɗauki hoton kowane shafi a inuwa, a ajiye kwafi uku a wurare daban, a mayar wa masu su abinsu.

Tsohon Magini ya rubuta:

A'a ɗana, ƙarin ƙasa shi ke kashe rufi. Yi lissafi: ƙasar gini mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi tana kai kilo 1,700. Rufi mai kaurin santimita 20 yana ɗora kilo 340 a kan kowace murabba'in mita, tun yana bushe. Duk ƙarin santimita 3 kilo 50 ne. A yi haka sau biyar, an ƙara kilo 250 a kan azarar da ta tsufa, ta lanƙwasa, tsakiya ya yi kwari, ruwa ya kwanta, a sake ƙara ƙasa. A Jenne ma da aka zo babban gyara sai da aka kwashe tarin yaɓen shekaru daga kan masallacin.

A huda rufin a gefe a auna kaurinsa, a kankare ƙarin har a dawo kan na asali. Daga ciki a soki kowace azara da tsinken ƙarfe, musamman kanta da ke cikin bango, nan take fara ruɓewa ba a gani. Wadda tsinke ya shige ta a tokare maƙwabtanta a canza ta ita kaɗai, da azarar giginya namiji da ta bushe sosai, kuma kada a bar ta ta tsallake fiye da mita 2 babu abin da ya tallafe ta. Hanyar gara da aka gani a bango a bi ta har gidanta a tone, fesa magani a fuska ba ya kai wa uwar.

Ganuwa kuwa kada a sake gina ta, ba wanda ya san tsayinta na asali. A hana ɗibar ƙasa daga jikinta, a ja garma baya mita 3, a kewaye ta kada dabbobi su hau. Bishiyar da ta tsiro a kanta a sare ta daga gindi a bar saiwar ta mutu a ciki, in aka tumɓuke da bangon za ta fito. A yi mata hular sabuwar ƙasa santimita 5 zuwa 10 mai gangare gefe biyu, a riƙa duba ta bayan ruwan farko da kuma ƙarshen damina.